Me ya sa tsohuwar gurya ke ƙin tsirowa?

Tambaya: Malam, na ajiye guryar auduga shekara biyu a shago mai rufin kwano. Bana na shuka, ko rabi ba ta fito ba, wadda ta fito ma duk a tsamure. Ga ta fes a ido, ƙwaro bai taɓa ta ba. Me ya faru? Daga wani manomi a Kumo, jihar Gombe.

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Guryarka daga ciki ta lalace, shi ya sa ido bai gani ba.

Gurya tana da rai, ko a cikin buhu numfashi take a hankali, kuma kusan kashi 20 cikin 100 nata mai ne. Ka san yadda man gyaɗa ke sauya wari idan ya daɗe a buɗe? Haka iskar oksijin ke yi wa man gurya, har da wanda ke jikin tantanin ƙwayoyin halittarta. Tantanin sai ya huhhuje. Ranar da irin ya sha ruwa a rami, abincin da ya tanada domin tsiro ya tsiyaye cikin ƙasa, fumfuna ta taru, ya ruɓe.

Allah ya yi wa gurya masu gadi: bitamin E da ke cikin man, da sinadarai irin su katalas da feroksidas masu kashe dafin da oksijin ke haifarwa. Sai dai su ma suna tsufa. Da ɓarna ta fi ƙarfinsu, kuzarin tsiro ke fara tafiya, daga baya tsirowar ma ta gagara. Tsamurarrun da ka gani a gona ke nan.

Rufin kwanon nan ne ya fi damuna. Masana iri na ƙiyasta cewa duk ƙarin zafi na digiri 5 yana raba kwanan iri biyu. Guryarka ta sha zafin Maris da Afrilu na Gombe sau biyu, ta kuma sha laimar Agusta.

Nan gaba ka shanya ta sai ka ciza ka ji ƙas, ka ɗora buhun kan katako a ɗaki mai sanyi, nesa da bango. Kafin shuka, fasa 'yan kaɗan: cikin mai lafiya fari-fari ne da ɗigo-ɗigo, wanda ya yi ruwan ƙasa ya mutu. Sannan ka naɗe ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen buhun algarara, ka ƙirga tsiro zuwa kwana 12. Idan bai kai 70 ba, shawarata ka kai wa masu matsar mai, ka nemi sabon irin SAMCOT na cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya.