Amsa ga mai tambaya kan ƙaninsa da ya maƙale wa waya

Ɗan'uwa, ka ce ƙaninka ɗalibin jami'a ne, tun lokacin kullen korona ya koma kwana a kan intanet, walwalarsa ta ragu, kana tambaya ko motsa jiki zai taimaka masa ko kuwa ka ƙwace wayar kawai. Ina aji uku lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, ranar 11 ga Maris, 2020, kuma abin da ka siffanta na ɗanɗana shi da kaina.

Da aka rufe makarantu, tafiyar da nake yi kullum daga ɗakin kwana zuwa aji, wadda ban taɓa lissafa ta cikin motsa jiki ba, ta yanke lokaci guda. Karatu ya koma cikin waya, hira ma haka, sai na riƙa kaiwa ƙarfe uku na dare ina latse-latse, in tashi da rana tsaka jiki a mace, ƙunci ya sake tura ni ga wayar. Ba ni kaɗai ba ne, domin hukumar ta bayyana a 2022 cewa ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta annobar.

A ganina ƙwace wayar kuskure ne, tunda a cikinta darussansa da abokansa suke, kuma za ka bar shi da ƙuncin da ya kai shi gare ta. Abin da ya fisshe ni shi ne tafiyar sauri ta minti talatin kowace safiya tare da wani aboki, wanda kunyarsa ta hana ni fashi a makon farko, lokacin da ban ga amfanin komai ba. Barci ne ya fara daidaita, daga baya zaman intanet ya ragu da kansa. Ma'aunin da hukumar ta bayar ga baligi shi ne matsakaicin motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, saboda haka ka fita tare da ƙaninka, kada ka tsaya ga umarni.

Amma idan ya kai mako biyu ba ya jin daɗin komai, cin abincinsa ya sauya, ko ya fara zancen ya gaji da rayuwa, to ka kai shi wurin likita ba tare da jiran tafiyar safe ta yi aiki ba.