Rubab zai yi a Gusau kuwa?

Hajiya, kin ce ɗanki ya kawo miki irin rubab (wani tsiro da ake cin karansa mai tsami) daga Ingila, kina tambaya ko zai yi a bayan ɗakinki a Gusau.

Gaskiya da ƙyar. Tsiron ƙasar sanyi ne. Saiwarsa sai ta yi makonni cikin sanyin da bai wuce digiri 5 ba kafin ta sake tohowa da ƙarfi, hunturunmu kuwa bai kai nan ba. Zafin Afrilu kuma ƙone shi zai yi.

In kin nace, ki ɗauke shi shukar kaka ɗaya. Ki zuba irin a Oktoba cikin bokiti mai huji a gindi, ƙasa haɗe da ruɓaɓɓen taki, inda rana ke leƙowa da safe kawai. Kada ruwa ya kwanta, saiwar ruɓewa take. Malamin gona zai duba miki ƙasar.

Abin tsoron shi ne ganyen: akwai guba. Karan kawai ake ci. Kada ganyen ya shiga miya, kada awaki su same shi. Yaro in ya ci, a garzaya asibiti.

Ni dai in tsamin nake nema, yakuwa zan shuka.