Tambaya da Amsa: Me jami'a za ta ƙara wa wanda ya riga ya iya aktin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Na gama digirina na farko a fannin wasan kwaikwayo, tun ina aji biyu nake hawa dandamali kuma duk wanda ya kalle ni sai yace ina da baiwa musamman wajen kuka, to yanzu ina so in koma in yi mastas a ɓangaren aktin zalla amma ƙawayena sun dame ni wai ɓata lokaci ne, abin da Allah ya riga ya ba ni me malami zai ƙara min. Shin da gaske akwai sauran abin koyo? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da kukan nan tunda shi ake yabonki a kai. Wanda ke zaune a layin ƙarshe na zauren wasa ba ya ganin hawayenki, kafaɗarki yake gani da yadda numfashinki ya sauya da yadda kika ajiye ƙafa, sannan wasan da kika yi yau gobe ma sai kin maimaita shi, jibi ma haka, wani lokacin har sati huɗu ko fiye, to ranar da kika tashi da ciwon kai hawayen ya ƙi zuwa fa? Su 'yan kallon ranar ba ruwansu, cikakken wasa suka zo gani. Wannan matsalar ita ce ta dami Konstantin Stanislavski, mutumin Rasha da suka kafa gidan wasa na Moscow Art Theatre shi da Nemirovich-Danchenko a 1898, ya ga baiwa tana zuwa ne ranar da ta ga dama, shine ya shafe rayuwarsa har rasuwarsa a 1938 yana neman hanyar da ɗan wasa zai riƙa kiran gaskiyar wasa duk sanda ya buƙace ta. Kusan duk wani kwas na aktin mai zurfi daga nan ya samo tushe.

A aikace za a ba ki rubutun wasa a ce ki feɗe shi layi-layi, wace ce wannan matar, daga ina ta fito kafin ta shigo wannan fitowar, me take so daga mutumin da ke gabanta, me ya tare mata hanya. Ba za a ce miki yi baƙin ciki ba, za a ce roƙe shi kar ya tafi, in kin roƙa da gaske baƙin cikin zai biyo baya da ƙafarsa.

Da koyarwar ta isa Amurka sai almajirai suka rabu. Lee Strasberg ya riƙe cewa ki tono wani abu mai ciwo daga rayuwarki ki yi aiki da shi, ita kuwa Stella Adler da ta je Faris a 1934 ta yi karatu wajen Stanislavski da kansa ta dawo tana cewa a'a, tunani da suranta halin da ke cikin labarin ya wadatar, shi kuma Sanford Meisner yana zaunar da ɗalibai biyu su yi ta maimaita jimla ɗaya wa juna har sai kowa ya manta da kansa ya koma sauraron abokinsa. Ni dai gaskiya na fi karkata ga biyun ƙarshe, don tono miki tabon zuciya kullum dare ba ƙaramin abu bane, ina so ki tambayi duk makarantar da za ki nema wace hanya suka fi bi kafin ki shiga.

Sai jiki da murya, kuma nan ne mafi yawan awanninki za su tafi. Numfashi daga ƙasan haƙarƙari yadda muryarki za ta cika zaure ba makirufo ba tare da kin dishe ba, fitar da haruffa, tafiya, faɗuwa, faɗan dandamali da ba ya raunata kowa. A makarantar da malamin wasan kwaikwayo Jacques Lecoq ya buɗe a Faris a 1956 har abin rufe fuska da babu alamar fushi ko murna a jikinsa ake ɗaura wa ɗalibi, kinga an ƙwace miki fuska kenan dole jiki ya yi magana. Kar ki firgita in a watannin farko kika ji kamar wasanki ya lalace, ɗabi'un da kika saba jingina da su ne ake cirewa, har da kukan.

Abu ɗaya da nake roƙonki ki kula da shi, ba kowane mastas na wasan kwaikwayo ne na aiki ba, wani na nazari ne da rubuce-rubuce, yana da kyau ga mai son koyarwa amma ba shi kike nema ba. A Amurka na aikin yawanci shekara 3 ne, a Ingila da yawansu shekara 1. Ki tambaya awa nawa ake yi a ɗakin atisaye duk sati, ɗalibai nawa ne a aji, wasa nawa za ki fito a gaban 'yan kallo kafin ki gama. Wajen tantancewa kuma galibi gajerun jawabai biyu ake nema masu bambancin yanayi, kowanne kamar minti 2, ki zaɓi ɗaya da babu hawaye a ciki ko kaɗan.

TAMBAYA: Anti ni fim nake son yi, ance wai wanda ya koyi wasan dandamali yana cika zaƙewa a gaban kyamara. Haka ne? Daga wani mai karatu.

AMSA: Yana faruwa ɗan'uwa, a farko. Kyamara tana ɗaukar ko ƙiftawar ido, abin da ka saba aikawa zuwa layin ƙarshe sai ya yi mata yawa. Amma feɗe rol da sauraron abokin wasa duk ɗaya ne, ragewa kawai za ka koya, kuma makarantu da yawa yanzu suna da darasin aktin na kyamara a cikin kwas ɗin. Kafin nan ka ɗora wayarka a gabanka ka ɗauki jawabi ɗaya sau biyu, na farko kamar kana magana da cikakken zaure, na biyu kamar mutumin yana zaune taku ɗaya daga gare ka, sai ka kalle su a jere.