Ku Tambaya Mu Amsa: Kwalaben rom da kofunan tiki

Tambaya: Salamu alaikum Baba. Ni sarbis nake yi a wani otal nan Yamai, ban taɓa shan giya ba kuma ba ni da niyya, amma kiliyan sai su yi ta tambayata in tsaya ina kallonsu. Akwai kwalaben da ake ce ma rom, wata an rubuta Martinik wata Jamaika wata Kuba, yanzu kuma mai kula da bar ya kawo wasu kofuna masu fuskar gunki wai tiki. Mine ne bambancinsu, kuma gumakan nan na mutanen can ne? Daga ɗanku a Bukoki.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Abin da ke cikin kwalaben nan duka rake ne asalinsa, irin dai wanda ake kawo mana daga Dallol Mauri da Matamaye. Kolombus ne ya kai shi tsibirin Hispaniola a 1493, daga baya Turawa suka maida tsibiran Karibiyan gonakin sukari, kuma ba su suka yi noman ba, mutanenmu ne na Afirka da aka kwasa cikin jiragen ruwa. In an dafa ruwan rake an fidda sukari akwai wani baƙin ruwa mai kauri kamar maɗi da ke saura, da farko ba a ɗauke shi bakin komai ba, sai aka lura in ya kwana biyu yana tsimuwa, aka shiga dafa shi ana tare tururin. A Barbados wajajen 1640 abin ya kankama, kamfanin Mount Gay na can yana da takarda tun ta 1703.

Wurin da ke taɓa min zuciya shi ne wannan: rom ɗin da bayi suka yi da guminsu, shi ake lodawa a ganga a kawo gaɓar Afirka ta Yamma a musanya da wasu mutanen, a kai su su sake noman raken. Ingila ba ta soke bauta a tsibiranta ba sai 1834, Faransa sai 1848, su kuwa ƴan Haiti da ƙarfinsu suka ƙwaci kansu a 1804. To in ka ɗauki kwalbar nan ka san abin da ka riƙa.

Bambancin kuma ya bi wanda ya mallaki tsibirin. Na Jamaika da Ingila ta kama a 1655 mai nauyi ne mai ƙarfin ƙamshi, don suna barin tsimin ya daɗe sannan su dafa a tukunyar tagulla, kuma shi rom sojojin ruwan Ingila rabonsa ake musu kullum har ranar 31 ga Yuli 1970 da aka daina. Na Kuba sassauƙa ne, ana tace shi da gawayi, hanyar da gidan Bacardi ya shahara da ita tun 1862 a Santiyago. Na Martinik da Gwadalup da ka ga an rubuta agricole, su ba su jiran ragowar sukari, ɗanyen ruwan raken ake matsewa a tsima nan take, shi ya sa yake ƙamshin ɗanyar ciyawa, farin nasu sau da yawa ƙarfin giyarsa digiri 50 ne alhali galibin sauran 40. Su can ba su cika masa tarkace ba, ɗan lemun tsami da siron rake kawai.

Tiki kuwa ba na Karibiyan ba ne sam. Fuskokin nan sassaƙen mutanen Polineziya ne, can tekun Pasifik, su Maori da Hawai da Tahiti, kuma a wurinsu abin girmamawa ne da ya shafi kakanni da addininsu, ni dai ban ga dacewar a maida shi kofin sha ba. Wani Ba'amurke da ake kira Donn Beach ne ya haɗa wannan da wancan, ya buɗe mashayarsa a Hollywood da aka ɗage dokar hana giya a 1933, lokacin rom ya fi sauran araha, ya yi ado da gora da ganyen kwakwa, ya ɗauko tsohon haɗin Jamaika na mudun tsami ɗaya, zaƙi biyu, mai ƙarfi wato rom uku, ruwa huɗu, ya riƙa gwama rom na tsibiri biyu ko uku a kofi guda. Yawancin masu haɗa masa ƴan Filifin ne, kuma har lambobi yake sa ma kwalabe don kar a sace masa sirri. Haɗin da ake kira Zombie nasa ne, saboda ƙarfinsa a mashayarsa ba a ba mutum fiye da kofi biyu. Haɗin Mai Tai kuma wani mai mashaya Victor Bergeron ya ce shi ya fara shi a Oakland ta Kalifoniya a 1944, da rom ɗin Jamaika mai shekara 17 a ganga. Sojojin da suka dawo daga Pasifik bayan yaƙin duniya na biyu suka ƙara yaɗa yayin. Wato adon na Pasifik ne, abin ciki na Karibiyan, dabarar kuma ta Kalifoniya.

Ka kiyaye, zaƙin abarba da ƙanƙara suna ɓoye ƙarfin, mutum ya sha biyu ya hau moto yana ganin lafiyarsa ƙalau, in ka ga haka ka gaya wa na gaba da kai kafin ya fita.

Sai maganar da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa maka tunda Baba ka kira ni. Hadisin da ya yi magana kan giya bai tsaya ga mai sha ba, ya ambaci mai ɗauka da mai shayarwa. Na san aiki a Yamai ba sauƙin samu gare shi ba, ba zan ce ka ajiye gobe ba, amma ka zauna da malamin da ka yarda da shi, ka kuma roƙi a maida kai wajen abinci ko wajen lemu. Haɗin tiki yana yiwuwa babu rom: ruwan abarba, lemun tsami da aka matsa yanzu, citta, ɗan kirfa, dakakkiyar ƙanƙara, na'ana'a a sama, in ka so ka ɗiga bisap don launi. Ka gwada ka kai ma mai kula da bar ɗin ya ɗanɗana.