Auren Zumunci, Sikila Da Dillalin Da Ya Ce A Ɓoye Dangantaka

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Houston ta jihar Texas, wanda ya riga ya zama ɗan ƙasar Amurka, ya rubuto cewa an ba shi 'yar ƙanen mahaifinsa a Kano, kuma Hajiyarsa ta ce ba ta yarda ya ƙi ba. Iyayensa su ma auren zumunci suka yi, jininsa AS ne, kuma an taɓa rasa yaro a gidansu saboda sikila. Wani dillalin biza ya ba shi shawarar neman bizar K-1, wato bizar da ɗan ƙasar Amurka ke nema wa wadda zai aura, ya rubuta cewa babu dangantaka tsakaninsu.

Malam, ka rabu da wannan dillali tun yau. Takardar I-129F da ake neman bizar K-1 da ita tana tambaya ƙarara ko kana da dangantaka da wadda za ka aura, kuma da rantsuwa kake sa hannu. Idan aka gano ƙarya, ana iya haramta wa yarinyar shiga Amurka har abada, kai ma ka shiga tuhuma. Na ga waɗanda asirinsu ya tonu a wajen intabiyu saboda sunan kaka ɗaya ya bayyana a takardun haihuwa biyu, alhali dillalin ya karɓi kuɗinsa ya kashe waya. Sannan bizar K-1 tana buƙatar a ɗaura aure a Amurka cikin kwana 90, ita kuwa Texas tun 2005 ta daina ba 'ya'yan wa da ƙane izinin aure, har ma ta sa zaman aure tsakaninsu cikin laifuka. Jihohi irin su New York da California sun halatta, amma wannan magana ce ta lauyan shige da fice mai lasisi.

Sai dai batun takardu bai kai batun 'ya'ya nauyi ba. 'Ya'yan wa da ƙane sun yi tarayya a kashi ɗaya cikin 8 na ƙwayoyin gado, don haka idan kakanku ya bar wata cuta ɓoyayya, mai yiwuwa ne kai da ita kuna ɗauke da ita ba tare da kun taɓa jin ciwo ba, sai ta haɗu a jikin jariri. Binciken da aka yi a birnin Bradford na Ingila, wanda aka wallafa a 2013, ya nuna cewa haihuwar jariri da naƙasa ta tashi daga kusan kashi 3 cikin 100 zuwa kusan 6 a irin wannan aure. Wato yawancin yaran lafiya lau suke, kuma da su dangi za su kafa maka hujja. Amma kai lissafinka daban ne, domin zumunci ne a kan zumunci, ga kuma sikila a cikin gida. Idan ita ma AS ce, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin 4 na zuwa da SS, kuma haihuwar lafiyayye a farko ba ta rage haɗarin ciki na biyu.

A shekarar 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Kano, har da na jinin sikila (AA, AS ko SS), saboda haka neman gwaji ba rainin iyaye ba ne. Amma kada ka amince da hoton sakamako a WhatsApp, domin na ga takardar AA da aka saya don kada biki ya watse. A maimaita gwajin a babban asibiti, kuma ka sani cewa bai shafi kurumta ta gado da sauran cututtuka ba. Ka nemi likitanka ya tura ka wajen ƙwararre kan cututtukan gado, ka tafi da tarihin duk yaran da suka rasu ko suka naƙasa a danginku.

Game da Hajiya kuwa, ina tare da kai. Auren zumunci halal ne, Sayyidina Ali da Nana Fatima ma dangi ne, amma ba wajibi ba ne, kuma waɗanda ke matsa maka ba su ne za su kwana a asibiti da yaro yana kuka ba. Ba ka kuma gaya mini ko an tambayi yarinyar ra'ayinta ba. Kada ka yi musu da mahaifiyarka ta waya. Ka samu kawu ko malamin da take jin maganarsa, ka roƙi a dakatar da kai kuɗin aure da sa rana har sakamakon gwaji da amsar lauya su fito.