Tambaya da Amsa: Tsibiran Murjani na Tekun Fasifik

Tambaya daga wani magini a Jidda: Assalamu alaikum. Dutsen da aka gina tsofaffin gidajen Balad da shi, in ka fasa sai ka ga ramuka da ɓawon halittun ruwa a ciki. An ce murjani ne. Ɗana kuma ya ce akwai ƙasashe a Tekun Fasifik da gaba ɗayansu a kan irin wannan dutse suke zaune. Ta yaya dutsen bakin gaɓa zai tsaya a tsakiyar teku mai zurfin kilomitoci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yaron ya faɗi gaskiya, Allah ya yi masa albarka. Tuvalu, tsibiran Marshall da mafi yawan Kiribati duk a kan murjani suke, irin wanda aka gina Balad da tsohon garin Sawakin da shi.

Murjani gini ne na wasu ƙananan halittu da ke tsotsar sinadarin farar ƙasa daga ruwan teku suna yi wa kansu gida. A cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke sarrafa hasken rana ta ba su mafi yawan abincinsu. Saboda haka sai a ruwa mai ɗumi, wajen digiri 23 zuwa 29, kuma mai haske suke gini sosai. Da an wuce zurfin mita 50 aikin ya ja baya. Ka ga ke nan ba daga ƙasan teku suka faro ba.

Mafarin abin dutse ne mai aman wuta. Ya taso daga ƙasan teku har ya huda ruwa ya zama tsibiri, murjani ya kama gefensa ya kewaye shi. Bayan wutar ta mutu, ƙasan tekun da ke ɗauke da shi yana hucewa yana lotsawa, ruwan sama kuma yana zaizaye kansa. Dutsen na nitsewa a hankali, murjanin na gini sama, 'yan milimita a shekara, don kada ya rabu da haske. A ƙarshe dutsen ya ɓace ƙarƙashin ruwa, abin da ya rage shi ne zoben murjani da tafki a tsakiya. Yashi da ɓaraguzan da igiyar ruwa ke tarawa a kan zoben, su ne ƙasar da mutane ke zaune a kai. Wuri mafi tudu a Tuvalu bai kai mita 5 ba.

Charles Darwin ne ya fito da wannan bayani a 1842, aka yi ta gardama a kai fiye da shekara 100. A 1952 aka haƙa rami a Enewetak, cikin tsibiran Marshall, aka yi ta ratsa dutsen murjani har wajen mita 1,400 kafin a taɓa baƙin dutsen aman wuta. Murjanin da ba ya gini sai a saman ruwa, ga shi a wannan zurfi, ai sai dai in gindinsa ne ya nitse da shi.

A jerin tsibiran Hawai ana ganin duk matakan a layi ɗaya. Ɓawon ƙasan Fasifik yana jan jiki zuwa arewa maso yamma, santimita 7 zuwa 10 a shekara, a kan wata kafar narkakken dutse da kusan ba ta motsi. Babban tsibirin da ke kan kafar yanzu har gobe yana aman wuta. Kauai ya yi shekara kusan miliyan 5, ya mutu ya zaizaye. Midway, mai shekara wajen miliyan 28, ya riga ya zama zobe. Gaba da Kure, zobe na ƙarshe a layin, ruwa ya yi sanyi, murjani ya kasa cim ma nitsewar, sai duwatsu a ƙarƙashin teku.

Kada dai a haɗa su da tsibiran Farasan na wajen Jizan. Waɗancan murjani ne da gishirin ƙarƙashin Bahar Maliya ya turo sama. Dutsen iri ɗaya ne, hanyar ce ta bambanta.

Tambaya daga wata uwargida a Bur Sudan: Mu da ke bakin teku ruwan sha sai mun saya wurin masu amalanken jaki. Su waɗancan da ba su da kogi ko ɗaya, me suke sha?

Amsa: Hajiya, tambayarki ta taɓa inda rayuwarsu ta rataya. Galibi ruwan sama ne, ta hanya biyu.

Ta farko, wanda ya nitse cikin yashi. Ruwan daɗi bai kai na gishiri nauyi ba, don haka yana kwanciya a samansa a ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda mai ke tasowa a kan miya. Lissafinsa shi ne: duk mita 1 da ruwan daɗi ya ɗara tsayin teku, akwai kusan mita 40 nasa a ƙasa. A waɗannan tsibirai abin da ya ɗara ɗin da wuya ya wuce rabin mita, don haka kaurin ruwan yawanci bai wuce mita 10 zuwa 20 ba, siririn tsibiri kuwa da kyar yake riƙe wani abu.

A nan ake yin ɓarna. Mutum ya sa wa rijiya inji mai ƙarfi, ruwa ya sauka da santimita 10, to ruwan gishirin da ke ƙasa zai iya tasowa da mita 4. Rijiyar ta koma zartsi, kuma kafin ta dawo sai an yi watanni ana ruwa. Ƙara mata zurfi ƙara lalata ta ne. Abin da ake yi a Bonriki, inda Tarawa babban birnin Kiribati ke samun ruwa, shi ne a shimfiɗa dogon bututu mai huji-huji a kwance, ƙasa kaɗan da fuskar ruwan, a riƙa ja a hankali, ana kwasar na sama kawai. Sannan ruwan mita 1 ko 2 ne daga doron ƙasa, don haka masai ko garken aladu kusa da rijiya cuta ce kai tsaye. Igiyar guguwa kuma in ta haye tsibiri, gishiri yakan kashe har gwazar da suke shukawa a ramuka.

Hanya ta biyu rufin kwano ne da tanki. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 50 zai ba da lita 1,000 daga ruwan milimita 20, a cire abin da ya zube. Zubin farko a bar shi ya tafi da ƙura da kashin tsuntsaye, tanki a rufe shi saboda sauro. In fari ya daɗe kuwa duka biyun suna gazawa: a 2011 Tuvalu ta kafa dokar ta-ɓaci, sai da aka kai mata injinan tace ruwan teku ta jirgin sama.

Tambaya daga wani manomi a Kassala: Itacen miskit ya cinye mana gonaki, alhali da hannu aka kawo shi. Na ji a rediyo cewa maciji ya ƙarar da tsuntsayen wani tsibiri. Da gaske ne, kuma ana iya gyarawa?

Amsa: Da gaske ne, Baba, Allah ya kawo muku sauƙi. Tsibirin Guam ne. Macijin ya shigo cikin kayan soja bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya shafe mafi yawan nau'o'in tsuntsayen dajin tsibirin. Dalili kuwa, tsibiri mai nisa abin da iska, fuka-fuki ko igiyar ruwa suka kawo ne kaɗai ke isa gare shi. Hawai ba ta da dabbar tudu mai shayarwa ta asali sai jemage. Tsuntsayen da suka rayu dubban shekaru babu mai farautarsu ba su san gudu ba, wasu ma a ƙasa suke sheƙa. Yanzu a Guam ana sa wa matattun ɓeraye farasitamol miligiram 80 a sako su daga jirgi mai saukar ungulu su rataye a bishiyoyi, domin maganin guba ne ga macijin. Wannan ragewa yake yi, bai ƙarar da shi ba.

Abin da ya fi kama da naku shi ne na Moorea, kusa da Tahiti. An kawo babbar katantanwar Afirka ta addabi shuke-shuke, a 1977 aka kawo wata katantanwa mai cin 'yan'uwanta don ta kashe ta. Ta bar babbar, ta bi ƙananan katantanwar bishiya na asalin tsibirin, cikin shekara goma ta kusa shafe su.

Gyara yana yiwuwa in tsibirin ƙarami ne, kuma da ɓera aka fi cin nasara. Ana watsa ƙwayoyin guba mai tsinka jini daga jirgi, bisa layukan da GPS ya zana don kada a tsallake ko taki ɗaya, sau biyu da tazarar kwanaki, a lokacin rani da abinci ya yi wa ɓera ƙaranci. Ƙaguwar tudu tana cinye ƙwayoyin ba ta mutu ba, don haka dole a ƙara yawansu. A tsibirin Palmyra a 2011 har kan bishiyoyin kwakwa aka sa, domin akwai ɓerayen da ba sa saukowa. Aka yi nasara, 'ya'yan itatuwan asali suka sake tsirowa. A shekarar kuma aka gwada a tsibirin Henderson, amma ruwan sama ya riga ya sauka, 'ya'yan itace suka wadata, wasu ɓeraye ba su kula ƙwayoyin ba. Ƙasa da 100 suka tsira, cikin 'yan shekaru suka sake cika tsibirin. Shi ya sa ake jiran kamar shekara 2 ana sa tarko da bin sawu kafin a ce an gama, kuma duk jirgin ruwan da zai sauke kaya sai an bincike shi tun daga tashar da ya taso.