Wadda Aka Musanya wa Hali, Laifin Wa Ta Aikata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Muna kallon wani shiri mai dogon zango da aka fassara zuwa Hausa, inda matsafi ya musanya halayen wasu 'yan'uwa mata biyu, mai haƙurin ta koma muguwa har ta zuba wa mijinta guba, masifaffiyar kuma ta zama saliha. Da asirin ya karye sai aka yafe mata kamar ba ta yi komai ba. Ni da yayata mun kwana biyu muna musu: tana da laifi ko ba ta da shi? Daga wata mai karatu a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Idan muka ɗauki labarin yadda aka shirya shi, ba ta da laifi, domin hukunci yana rataye ne a kan hankali da zaɓi. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Imamu Malik ma, wanda mazhabarsa muke bi a ƙasar nan, ya sha bulala a Madina saboda fatawarsa cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa.

Sai dai akwai tambayar da shirin ya tsallake: lokacin da take zuba gubar a abinci, ta san abin da take yi? Idan ta jira aka fita daga ɗakin, ta wanke kwanon, ta ɓoye kwalbar a ƙasan katifa, to wannan aikin mai lissafi ne, kuma wanda ke iya lissafi bai rasa zaɓi gaba ɗaya ba. Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu a shekara ta 324 bayan Hijira, ya tsaya tsakanin Jabariyya masu cewa bawa ba shi da zaɓi da Mu'utazilawa masu cewa shi ke halittar aikinsa, ya ce Allah ne mahaliccin aiki, amma bawa yana da kasbu, wato nufin da ya sa aikin ya zama nasa.

A ganina marubutan sun nemi sauƙi ne kawai: suna son jarumar da masu kallo ke ƙauna ta yi aika-aika ba tare da ta biya ba. Mu ma ai mun san wannan dabara, don sau nawa magidanci ke wulakanta iyalinsa, dangi su taru su ce sammu ne, ba yin kansa ba ne? Sihiri gaskiya ne, aya ta 102 a Suratul Baƙara ta ambaci masu raba miji da mata da shi, amma ta ƙara da cewa ba sa cutar da kowa sai da izinin Allah.

Ki tambayi yayarki: wa ya taka da ƙafarsa ya je wurin matsafin, ya biya kuɗin aiki? Shi dai babu wanda ya musanya masa hali.